Harshe Da Ƙwaƙwalwa: Abin Da Ya Kamata Iyayen Yara A Maikunkele Su Sani



Shugabannin ƙungiya sun nemi in yi bayani a kan wani abu da ya daɗe yana damun iyaye a nan garin, wato maganar harshen 'ya'yanmu. Koke-koken iri biyu ne. Wasu suna cewa yaransu sun tashi Hausarsu ba ta nuna ba, in an je gida Kano ko Katsina ko Sakkwato da salla sai dangi su riƙa yi musu dariya. Wasu kuma tsoronsu shi ne harsuna sun yi wa yaro yawa: ga Hausa a gida, ga Gbagyi ko Nufanci a wurin wasa, ga Turanci a boko, ga Larabci a Islamiyya, ga kuma Turancin buroka a tasha. Suna ganin kan yaro zai rikice.

Ba abin mamaki ba ne. Ƙasar Gbagyi muke zaune, kuma tun da layin dogo na Baro ya ratsa ta Minna ya isa Kano a 1911 mutane suke ta kwararowa. Aka zo aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 da Minna a matsayin babban birni, ga filin jirgin sama a ƙofarmu, ga sakatariyar ƙaramar hukumar Bosso. Duk inda jama'a suka cakuɗu haka, dole harsuna su cakuɗu a kunnen yara.

To, akwai wani fannin ilimi da aikinsa ke nan, binciken yadda mutum yake koyon harshe, da yadda yake fahimtar magana, da yadda yake furta ta. Turawa suna da doguwar kalmar da suke kiransa da ita, wadda ta yaɗu bayan wani littafi da Charles Osgood da Thomas Sebeok suka fitar a Amurka a 1954. Mu dai mu kira shi ilimin harshe da ƙwaƙwalwa. Babban abin da nake so mu tafi da shi gida daga wannan ilimi shi ne, ba a gadon harshe ta jini. A ƙwaƙwalwa ake gina shi, ta hanyar abin da yaro yake ji tun yana ɗan ƙarami.

INA MAGANA TAKE ZAUNE?

Bahaushe ya kira tsokar da ke cikin baki harshe, ya kuma kira Hausa da Larabci harshe, sai ka ɗauka a baki magana take. A 1861 wani likita a birnin Faris na Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci mai suna Leborgne, wanda ya shekara 21 a asibiti. In ban da “tan” kusan ba abin da yake iya furtawa, alhali yana gane yawancin abin da ake faɗa masa, kuma tsokar harshensa tana motsi. Da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar wani wuri a gaba, ta ɓangaren hagu, ya lalace. A 1874 kuma wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya bayyana wasu majinyata da matsalarsu ta bambanta. Su magana tana zuba kamar ruwa, amma ba kai ba gindi, kuma ba sa gane abin da ake gaya musu. Nasu ciwon ta hagu yake shi ma, amma can baya, wajen saitin kunne.

Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na zamani sun nuna cewa aikin ya wuce waɗannan wurare biyu, sassa ne da yawa da ke haɗe da juna. Amma asalin maganar tana nan daram: ga mafi yawan mutane, sama da kashi 90 cikin 100 na masu amfani da hannun dama, ɓangaren hagu ne yake riƙe da harshe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

ABIN DA KE FARUWA IN ANA HIRA

A ce kana tsaye a Mobil cikin Minna kana jiran mota, yaron mota ya buɗe baki ya ce “Mai…”. Nan take ƙwaƙwalwarka ta taso da duk sunayen da suka fara haka: Maitumbi, Maikunkele, har ma Maiduguri. Yana ƙara “k”, sauran suka zube, ka riga ka ɗaga hannu tun bai kai “kele” ba. Wani masani ɗan Ingila, William Marslen-Wilson, ya nuna a gwaje-gwajensa na shekarun 1970 da 1980 cewa haka muke gane kalmomi, sau da yawa tun mai magana bai ƙarasa su ba.

Ƙwaƙwalwar Bahaushe tana da wani ƙarin aiki, wato sauraren hawa da saukar murya da kuma jan wasali. Wuyan da ake rataya wa sarƙa daban, wuyar da ake sha daban. Kukan jariri daban, kukar miya daban. Garin Minna daban, garin tuwo daban. A rubutun boko duk kusan iri ɗaya suke, amma ba ka taɓa jin an aiki yaro ɗan shekara huɗu sayen gari ya tsaya tambayar wane gari ba.

Wajen furtawa kuwa, sai mutum ya tsara abin da yake nufi, ya zaɓo kalmomi daga dubban da ke kansa, ya jera su bisa ƙa'ida, sannan ya ba leɓe da harshe da maƙogwaro umarni. Duk wannan yana gudana ne muna fitar da kalma biyu zuwa uku a kowane sakan. In aka nuna wa mutum hoto aka ce ya faɗi sunansa, yakan ɗauki fiye da rabin sakan kafin kalmar ta fito. Amma wani bincike da Tanya Stivers da abokan aikinta suka buga a 2009, a kan hira cikin harsuna 10 na sassan duniya, ya gano cewa tsakanin tambaya da amsa abin da ake ɗauka kamar kashi ɗaya ne bisa biyar na sakan. Ma'ana, tun abokin hirarka bai rufe baki ba ka riga ka hango inda ya dosa, ka fara dafa amsa.

Ko tuntuɓen harshe ma yana da tsari. Mutum yana sauri sai ya ce “zuba tulu a ruwa” maimakon “zuba ruwa a tulu”. Ku lura, suna ne ya yi musaya da suna, “zuba” da “a” suna nan inda suke. Wannan ya nuna ƙwaƙwalwa takan kafa ginshiƙan jimla tukuna, sannan ta zo tana cusa kalmomi. Haka uwa in za ta kira autanta, sai ta bi sunayen yayyensa kaf kafin ta iso kansa, don kuwa kalmomin da suka yi dangantaka tare suke tasowa. Wannan ba alamar tsufa ko ruɗewa ba ce.

ƘA'IDOJIN DA BA WANDA YA KOYA MANA

Bari mu yi ɗan gwaji a nan. Taga, tagogi. Hanya, hanyoyi. Tasha, tashoshi. Buta, butoci. To, a ce na ƙirƙiro wani abu na sa masa suna “zota”, na kawo guda uku, me za ku kira su? Na san da yawanku “zotoci” ce ta zo muku. Wa ya koya muku, alhali kalmar ba ta taɓa wanzuwa ba? Ƙa'ida ce a cikin kanku: a maimaita baƙin ƙarshe tsakanin “o” da “i”, in kuma “t” ne ya koma “c”. Da ita kakanninmu suka karɓi mota suka ce motoci, suka karɓi asibiti suka ce asibitoci, ba tare da an kira taro ba.

A 1958 wata masaniya a Amurka, Jean Berko, ta yi wa yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai irin wannan gwaji da kalmomin ƙarya na Turanci, suka riƙa yi musu jam'i daidai. Ashe yaro ba kwaikwayo kawai yake yi kamar aku ba. Saurare yake yi, yana tsamo ƙa'ida daga abin da ya ji. Don haka yawan abin da ya ji, da ingancinsa, su ne jarinsa.

KUNNEN JARIRI

Tun a watanni ukun ƙarshe na ciki ɗan tayi yake jin amon muryar uwarsa. A 1988 Jacques Mehler da abokan aikinsa suka nuna cewa jarirai 'yan kwana huɗu a Faransa suna bambanta Faransanci da Rashanci. A 1984 kuma Janet Werker da Richard Tees a Kanada sun gwada jariran gidajen da Turanci kawai ake yi, da sautukan harshen Hindi na Indiya da na wata ƙabila ta 'yan asalin Kanada, masu wasu baƙaƙe irin namu na “ƙ”. Jarirai 'yan wata shida zuwa takwas suna jin bambancin sarai. Amma da aka gwada 'yan wata goma zuwa sha biyu, mafi yawansu sun daina ji. Wato kafin yaro ya cika shekara, kunnensa ya fara daidaita da sautukan da ake yi a kewaye da shi, yana barin sauran.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, jama'a. Mun saba yin dariya in maƙwabcinmu ya ce “kasa” a maimakon “ƙasa”, har maganar da ke karya harshe muka sa mata suna gagara-Gwari, maganar da ba ta fita kuma muka ce gwaranci. To, mu fa? Manyanmu nawa ne za su iya furta Kpakungu yadda masu unguwar suke furtawa, da “k” da “p” a haɗe lokaci guda? Ai shi kansa sunan da muke kiransu da shi ya nuna “gb” ta gagare mu, kuma da yawansu sun fi son a ce musu Gbagyi. Ba wanda ya fi wani basira a nan, kowa da abin da kunnensa ya sha yana goye. 'Ya'yanmu da suka tashi tare da nasu suna furta “ƙ” da “kp” duka ba wahala. Wannan arziki ne da mu ba mu samu ba.

SHIN HARSUNA SUKAN YI WA YARO YAWA?

Da can su ma Turawa sun yi wannan tsoro. Sai a 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka gwada yara 'yan shekara goma a birnin Montreal na Kanada, suka tarar masu jin Faransanci da Turanci ba su gaza masu harshe ɗaya ba, a gwaje-gwaje da dama ma sun fi su. Masana suna ta muhawara har yau a kan girman wannan fifiko, amma sun haɗu a kan cewa harshe biyu ko uku ba sa rikita yaro, kuma ba sa hana shi yin magana.

Gauraya harsuna cikin jimla ɗaya, irin Ingausar da matasanmu suke yi, ita ma ba rikicewa ba ce. Binciken Shana Poplack na 1980 a kan 'yan Puerto Rico mazauna New York ya nuna cewa waɗanda suka fi ƙwarewa a harsunan biyu su ne suka fi iya sauyawa a tsakiyar jimla ba tare da sun karya ƙa'idar ko ɗaya ba. Abin dubawa shi ne, in yaron ya zauna gaban kakarsa, zai iya yin Hausa zalla? In zai iya, ba matsala.

Inda matsalar take shi ne, kowane harshe gwargwadon abin da aka ciyar da shi yake girma. Hausar da ake yi a titi da kasuwa a nan Hausa ce ta haɗa kabilu, ta ciniki da gaisuwa. Tana da amfani ƙwarai, amma ba ta da faɗi. Shi ya sa za ka ji yaronmu ya ce “motan ya tafi”. Haka ta faru a zangunan Kumasi da Akara a ƙasar Gana, inda Hausar da yawa daga waɗanda aka haifa can ta daina bambanta namiji da mace, “ƙ” da “ɗ” da “ɓ” kuma suka koma “k” da “d” da “b”. Ba laifi ba ne, haka harshe yake yi in ya yi ƙaura. Amma wanda yake son ɗansa ya riƙe Hausa mai zurfi, to ya sani a tsakar gidansa kawai yaron zai same ta.

Kada kuma a ce waya ko talabijin za su yi mana aikin. A 2003 Patricia Kuhl ta gwada jarirai 'yan wata tara a Amurka. Wasu aka riƙa kawo musu masu jin Sinanci suna wasa da su har zama 12, wasu kuma aka nuna musu mutanen nan a allon bidiyo. Waɗanda suka zauna da mutane suka kama sautukan Sinanci, na bidiyo kuwa kamar ba su taɓa ji ba. Jariri daga fuskar mutum mai amsa masa yake koyo.

Wasu iyaye, don son yaro ya iya boko, sukan hana Hausa a gida su koma yi masa guntun Turancin da su kansu bai zauna musu ba. Sai yaro ya tashi ba ga tsuntsu ba ga tarko. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma aka ba shi ƙwararren malami a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Wanda ya iya ba da labari da kawo hujja a harshen uwarsa, da wannan ƙwarewar yake shiga kowane harshe.

ABUBUWA BIYU DA BA A JINKIRI A KANSU

Na farko, yaron da magana ta yi wa nauyi. Yawancin yara sukan fara “ba-ba-ba” da “da-da-da” daga wajen wata shida zuwa goma, kalmar farko wajen shekara ɗaya, haɗa kalma biyu kuma wajen shekara biyu. Yara sun bambanta, amma in yaro ya kai shekara ɗaya da rabi ba kalma ko ɗaya, ko ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, kada a ce yawan harsuna ne, kada kuma a ce ai babansa ma haka ya yi. A kai shi asibiti a auna jinsa, musamman in ya taɓa yin sanƙarau, ko ƙyanda, ko kunnensa yana ruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe.

In ta tabbata kurma ne, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, ta ido za ta karɓi harshe. A Nikaragua, bayan an buɗe wa kurame makaranta a birnin Managua a 1977, yaran da kansu suka gina cikakken harshen hannu mai ƙa'idoji, kuma ƙananan cikinsu su ne suka fi ƙawata shi. Mu ma muna da namu. Constanze Schmaling ta yi bincike a kan maganar hannu ta kuraman Kano, ta fitar da littafi a kanta a 2000. Don haka a haɗa yaro da masu maganar hannu da wuri, mutanen gida su ma su koya, kada a ɓoye shi a ɗaki.

Na biyu, dattijon da magana ta ɗauke wa farat ɗaya. Kun tuna na ce ɓangaren hagu ne yake riƙe da harshe? Shi ne kuma yake sarrafa ɓarin jiki na dama. Shi ya sa shanyewar ɓarin dama takan zo tare da ɗaukewar magana, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da wannan ciwo ya kama yakan sami matsalar harshe. Wani zai kasa cewa a ba shi ruwa, amma salati ko ƙirga ɗaya zuwa goma ya fito masa tsaf, saboda abin da baki ya haddace ta wata hanya daban yake bi. Wani kuma da yake jin Hausa da Nufanci da Yarbanci sai ya farfaɗo da ɗaya kawai. Tun 1895 wani likitan Faransa, Albert Pitres, ya rubuta irin wannan a kan majinyata masu harsuna da yawa. In mun ga haka sai mu ce jifa ne, ko aljani ne yake magana da bakinsa. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini shi ne babban sanadi. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta rikice, a nemi mota a nufi babban asibiti a Minna nan take, ana tafe ana addu'a, don sa'o'in farko su ne masu tsada. Bayan an dawo gida kuma a riƙa yi masa magana a hankali, da gajerun jimloli, a ba shi lokaci ya amsa. Hankalinsa yana nan, kada a yi hirarsa a gabansa kamar ba ya wurin.

SHAWARWARI

Iyaye mata, ku yi wa jariri magana tun yana goye, kuna tuƙa tuwo kuna gaya masa abin da kuke yi, in ya yi ƙara ku amsa masa. Iyaye maza, a samu ko rabin sa'a bayan isha'i a ajiye waya a yi hira da yara, a tambaye su abin da suka gani yau, a bar su su ƙarasa magana. A dawo da tatsuniya da kacici-kacici da karin magana, kuma gidan da yake da tsohuwa ya san yana da makaranta. In yaro ya yi kuskure kada a yi masa dariya, a maimaita masa maganar daidai cikin hira a wuce. In an sami hali a riƙa tura yara gida hutu. A koya musu karanta Hausa da rubuta ta, boko da ajami.

Kada kuma a hana su koyon Gbagyi da Nufanci. Mu baƙi ne da aka karɓa hannu bibbiyu, kuma gaisuwa da harshen mutum tana buɗe ƙofar da kuɗi ba ya buɗewa. Su ma maƙwabtanmu suna da irin damuwarmu, don a gidaje da yawa Hausa ce take danne harshen 'ya'yansu. Ina ba ƙungiya shawarar ta shirya zaman tatsuniya na yara ko sau ɗaya a wata, ta kuma gayyato ma'aikatan lafiya su riƙa auna hawan jinin dattawa a ranakun taro.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ƙara wa marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wanda yake da tambaya, bismilla.